Silinda Ta Uku

A Domayo, gindin darbejiya, daf da yashin Mayo Kaliyawo,
aka turo mana motar Ummate, hantsi bai ko dubi ludayi ba.
Buhu arba'in na albasar Meskin a gadon bayanta,
Kusseri na jira, rana kuwa ba ta jiran kowa.

Ummate ya ce batir ne. Aka ɗaura wani, ta ƙi.
Ya ce to fetur ne, na kwalba, wanda aka sirka da ruwa.
Yaron motarsa ya rantse baki ne,
tun ranar da maƙwabci ya yaba sabon fentinta.
Baba Hamajoda dai na kan tsohuwar taya,
yana tarin nan da ya shekara uku yana kwana da shi.

"Murza makulli," in ji shi.
Inji ya juya sakayau, da sauri, kamar mai gudun bashi.
"Ka ji? Inji mai lafiya nishi yake kafin ya tashi.
Wannan dariya yake, dariyar da ba ta kai ciki ba."

Na kwance filogi huɗu, na jera a tsumma.
Wuta na nan, shuɗiya. Mai na zuwa.
Saura numfashi.
Agogon awonmu wani ya ara tun azumi, ya wuce Garwa da shi,
sai na toshe rami da babban yatsa, na ce a murza.
Na farko ya ture ni, amma turin mai jin kunya.
Na biyu hamma ya yi.
Na huɗu ma haka.
Na uku, iska ta shafi yatsana ta wuce
kamar sallamar mai fushi.

"Cokalin baƙin mai a kowane rami.
In zoben fistin ne ya cinye, mai zai rufa masa asiri na ɗan lokaci."
Na zuba, aka murza. Jiya i yau.
"To, ba ƙasa ciwon yake ba. Hau sama."

Ya tashi da kyar, ya kara kunne a bakin salansa,
ni ina juya inji da sufana, sannu, sannu.
Ya ɗaga yatsa ɗaya. Can ciki wani abu na tsaki.

Da muka ɗaga murfi, ga sarƙa ta saki jiki,
ta tsallake haƙori biyu ba ta gaya wa kowa ba.
Bawul, wanda Ummate ke kira supaf,
ya buɗe a lokacin rufewa,
fistin ya taso bai san da baƙo a hanya ba, ya kai masa karo.
Biyu sun lanƙwashe kamar karan gero bayan guguwa,
sauran na zuba musu kananzir, suka yi ta hawaye.

"Ƙofofi ne, Saliwu," in ji Baba.
"Ɗakin da ƙyaurensa bai rufuwa ba ya riƙe ɗumi,
ko itace nawa ka hura."

Azahar ta same ni ina murza bawul tsakanin tafuka,
kamar yadda innata ke yi da maburgi a tukunyar kuka,
har bakinsa ya yi zobe fari, ya zauna daram.
Sabuwar sarƙa, alama ta dubi alama.
Ratar kuwa da reza Baba ya auna ta,
ta shiga da ɗan ja, ba matsi, ba sakaci.

Ana kiran magariba ta yi tari sau biyu, ta kama.
Darbejiya ta cika da hayaƙi da warin albasa.
Ummate ya biya, ya ƙara da rabin buhun da ya fara laushi.

Baba ya yi dariya, dariyar ta juye tari.
Na dafa bayansa da tafin da ke wa inji awo,
na ji iska na shiga, tana fita,
ba ta ture hannuna ba.
Na san wannan shirun. Ɗazu na taɓa shi.

Ya kawar da hannun, ya tofar.
"Tattara kaya," in ji shi. "Sufana mai lamba goma ta ɓace."